Ranar da Na Sa Nomau Ya Ci a Gaban Surukarsa

Yarana, abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne maganar da na ji a zaman da kuka yi kan ginin sabuwar majami'a. Ina zaune a baya, kuma kunnena bai mutu ba tukuna. Ɗayanku ya ce idan an zo ginin siminti a rushe guntuwar katangar nan ta tsakiya, tunda ba wanda ya san amfaninta. Wani ya ce ai saboda Nomau aka yi ta, mutumin nan da ya taɓa komawa baya. Aka yi dariya, aka wuce. Ɗan Nomau yana wurin da furfurarsa, na ga ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ni na gina katangar da hannuna, kuma daga bakina kalmar nan ta komawa baya ta fara fita a kan Nomau. Ƙarya ce, kuma tawa ce. Ga yadda aka yi.

Kun san ni mutumin yamma ne, daga wajen Gidan Rumji. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya bi ta ban yi wayo ba, aka kai ni gidan mishan, can na tashi. Can na koyi karatu, na koyi tashi da ƙararrawa, na koyi cin abinci a tebur, babba da yaro, mace da namiji, kowa yana kallon bakin kowa. Uwarku Hannatu ita ma marainiya ce a gidan. Da aka ɗaura mana aure ba ni da suruki, ba ni da suruka. Ban taɓa tuɓe takalmi na tsuguna a gefen hanya don wata tsohuwa ta ɓullo ba, ban taɓa ɓoye loma a hannu don wani dattijo ya yi sallama ba. Karatuna ma bai yi nisa ba, 'yan shekaru a lakol, wato makarantar boko, sai biyu a makarantar Littafi. Amma da aka aiko ni mai bishara a wannan ƙauye na arewacin Gazawa, ni kaɗai ke da agogo a hannu, sai na ɗauka ni kaɗai ke da sani.

Masu bin da na tarar ba su da yawa. Babbansu shi ne Nomau, manomi ne dogo, mai sanyin magana. Ya ji bishara lokacin da ya je jinyar ido a asibitin mishan, ya dawo ya gaya wa matarsa Kande, ita kuma ta gaya wa uwarta, Inna Tasalla. 'Yan'uwan Nomau duka Musulmi ne, kamar yawancin garin, amma ba su kore shi ba. Kullum akushi ɗaya suke ci a ƙofar gida. Cewa suke addininsa nasa ne, tunda bai zubar da kunya ba. Kafin in zo, a wata rumfar kara suke sujada, sun kafa zana a tsakiya. Mata suna gefe ɗaya, maza suna ɗayan, Nomau kuma can ƙarshen zana inda idonsa ba zai faɗa kan Inna Tasalla ba. Kande 'yar farinta ce, saboda haka kunyar ta ninku. Inna ba ta faɗin sunan Kande, balle na mijinta. Idan za ta ambace shi sai ta ce wancan. Shi kuma sai ya ce tsohuwa. Ni da na ga zanar, sai na ce a raina ragowar duhun kai ce, zan cire ta.

Da rani muka tayar da majami'ar ƙasa. Nomau ya fi kowa aiki. Shi ya kwaɓa ƙasa, shi ya buga tubali, shi ya ɗauko azara da amalankensa. Da aka gama na jera dogayen kujerun katako yadda na gani a mishan, na ce kowane maigida ya zauna da matarsa da yaransa a kujera ɗaya, zana kuwa a kai ta bayan gida a yi wa awaki shinge. Ranar Lahadi ta fari Inna Tasalla ta riga kowa shiga. Muna cikin waƙa na ji muryar Nomau tana shigowa ta taga. Na leƙa, ga shi a waje, ya zauna kan takalminsa a gindin bangon da ya gina. Da aka tashi na same shi.

"Nomau, ɗakin ya yi maka kaɗan ne?"

"A'a, Malam. Nan ma ina ji sarai. Muryarka ai ba ta da rowa."

Na ƙyale shi damina guda, ina cewa zai waye. Ranar da Inna ba ta zo ba yakan shigo ya zauna a gaba. Ranar da ta zo, yana gindin taga, ko ana yayyafi.

Da kaka ta yi, saƙo ya zo cewa Fasto Barmo zai zo daga Maraɗi ya ba mu jibin Ubangiji, karo na fari a garin nan. Ga wanda bai sani ba, gutsuren burodi ne da kurɓin zoɓo da masu bi ke ci tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Ni dai abin da ke raina shi ne Fasto ya ga aikina, ya ga mutane a jere, ya koma ya ce yaron nan ya iya. Ina ɗaure damin hatsi a gona sai ga Nomau. Ya kama mini muka ɗaure dami biyu kafin ya buɗe baki.

"Malam, wannan abincin da za a ci, a ɗaki ɗaya ne?"

"Ɗaki ɗaya, faranti ɗaya, ƙoƙo ɗaya."

"To, ina roƙon arziki. A miƙo mini nawa ta taga. Ko a rage mini, in an watse in shigo in ci."

"Teburin Ubangiji ba shi da taga, Nomau."

"Malam, tsohuwa tana ciki. Yaya zan motsa baki tana gani? Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, yau shekara nawa."

Na buɗe Littafi a nan cikin gona, na karanta masa wurin da ke nuna masu bi duka ɗaya ne. Na ce masa wanda ya fi jin kunyar mutum a kan kunyar Allah bai tuba ba tukuna. Bai yi musu ba. Ya ce ya ji, ya ɗora mini dami a ka, ya tafi.

Uwarku ta fi ni sanin garin, domin ita tana zuwa rijiya, tana daka da mata. Da na ba ta labari tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Maigida, ka bar mutumin nan ya ci a waje. Wannan ba tsafi ba ne, girmamawa ce."

"Ke ma kin fara zama 'yar ƙauye?"

"To da can 'yar ina ce? Ni dai da ina da uwa a raye, da na so ka ji nauyinta haka."

Kwana biyu bayan haka Kande ta zo da saƙon uwarta. Inna ta ce ita za ta zauna gida ranar, domin wancan ya shiga ya ci cikin maza, ita ta ci wani zuwan. Ku duba fa, su biyun kowa ya kawo mini mafita, kowa yana so ya bar wa ɗan'uwansa wuri. Ni kuwa na ɗaura agogona na tafi gidanta. Na same ta tana ɓarzar gyaɗa, na yi mata wa'azi mai tsawo. Na ce duk wanda ya ƙi zuwa ranar nan, kunyar Almasihu yake ji. Ta bari sai da na gama.

"Malam, in tambaye ka. Shi Yesun yana da suruka?"

"Bai yi aure ba, Inna."

"Yawwa. Kai fa?"

"Ni ma ba ni da ita."

"To, shi ba shi da ita, kai ba ka da ita. Ku nemo mai ita ku tambaye shi mana."

Matan gidan suka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta ƙara taurara ni. Na ce mata in ba ta zo ba, zan faɗa wa Fasto ta fita daga cikinmu. Ta dube ni, ta ce za ta zo, tunda abin ya kai haka.

Ranar Lahadi Fasto Barmo ya iso da mota. A lokacin mota ba ta cika shigowa garin nan ba, saboda haka rabin gari ya biyo ta, Musulmi da kowa, suka cika tagogi da ƙofa suna kallo. Fasto tsoho ne, bai san kowa ba, ni ke nuna masa komai. Na sa an juya kujeru sun fuskanci juna, domin a ci ana ganin juna kamar iyali. Ya yi addu'a, ya gutsuttsura burodi, ya miƙo mini faranti in zaga da shi. Na duba, Nomau yana gindin taga. Na ɗaga murya na kira sunansa, na ce ya shigo, ana jiransa. Ya daɗe kafin ya tashi. Ya bar takalminsa a waje, ya shigo a duƙe, kamar mai shiga akurki. Wurin da ya rage ɗaya ne, kuma ni na bar shi da gangan, daidai gaban Inna Tasalla. Bai hau kujera ba, ya tsuguna a ƙasa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Na miƙa masa faranti, ya ɗauki gutsure, ya riƙe a tafin hannu. Na tsaya a kansa.

"Ci, Nomau."

Ya ci. Na ba shi ƙoƙo ya kurɓa, sannan na ɗauki ƙoƙon nan da bakinsa ya taɓa na miƙa wa Inna. Ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta karɓa. A taga wani ya yi salati da ƙarfi, wata mace ta ce, "Wayyo, Tasalla!" Ni kuwa ina jin daɗi, na ɗauka na rushe wani babban gunki.

Da muka koma gida cin tuwo, Fasto ya tambaye ni wace ce tsohuwar nan ga mutumin da ya tsuguna. Na gaya masa, ina jiran yabo. Ya cire hannu daga kwano.

"Ka sani, ka sa shi?"

"Na sani, Baba. Haka muke yi a mishan."

"A mishan marayu ne ku. Ɗana, manzo Bitrus ma yana da suruka, kuma ban ga inda aka sa shi cin tuwo gabanta ba. Ni da ke gabanka, tawa ta yi shekara ashirin tana shan jibi a bayan ginshiƙi, Turawan suna gani, ba su ce komai ba. Gobe da safe ka je ka ba mutumin nan haƙuri."

Nan ne laifina na gaskiya yake, kuma ina so ku riƙe shi. Abin da na yi a majami'a, kuna iya cewa rashin sani ne. Amma an gaya mini tun ranar, kuma ban je ba. Na ce a raina Fasto ya tsufa, ya saba da sassauci. Na ga in na ba da haƙuri, wa zai ƙara jin maganata?

Kafin ranar kasuwar Gazawa labari ya gama ƙauyukan kewaye, wai addinin Kirista shi ne a sa mutum ya tauna abinci yana kallon surukarsa. Nomau ya je sayar da wake, mahauta suna kiransa daga rumfa.

"Nomau, zo ka sayi tsire ka kai ku ci da ita!"

"Ku bar shi, shi yanzu Bature ne. Saura ta ɗebe masa ƙwarƙwata!"

Da ba'a ce kaɗai da ya jure. Amma yayyensa suka raba masa kwano, suka ce ba za su sa hannu akushi ɗaya da wanda ya wanke idonsa ba. Ƙanensa yana neman wata yarinya, an kusa sa rana, iyayenta suka maido da kaya. Suka ce ba za su ba da ɗiyarsu gidan da ba a jin nauyin surukai ba. Abin da baftisma, wato shigarsa Kirista, ba ta raba ba, ni na raba shi da gutsuren burodi. Kafin shuka Nomau ya kwashe Kande da yara, ya koma wata tungar noma kusa da Agiye, wurin kawunsa. Bai yi mini sallama ba. Ni kuma na tsaya gaban jama'a ranar Lahadi na ce ɗan'uwanmu Nomau ya koma baya, ya zaɓi al'ada ya bar Almasihu, an ɗora masa horo, ba shi ba jibi sai ya tuba. Kalmar da kuka gada ke nan.

Damina uku aka yi. A cikinsu ba mutum ɗaya da ya ƙaru a majami'ar nan. Mutanen da da suke tsayawa a taga su ji waƙa suka daina. In na yi sallama a zaure, sai a amsa mini a taƙaice. Inna Tasalla ba ta fasa zuwa ba, tana zama a kujerar baya. Amma duk ranar jibi, in faranti ya iso gabanta sai ta sa hannuwa cikin mayafi. Na ɗauka fushi take da ni, na bar ta. A shekara ta uku aka naɗa ni fasto, aka ba ni izinin ba da jibi da kaina. A shekarar ne kuma ta kwanta ciwo, ƙafafu suka kumbura, kowa ya ga tafiya ce. Na ɗauki burodi da zoɓo na je, na zauna bakin ƙofar ɗakinta, na ce na kawo mata jibi.

"Wancan ya ci?"

"Inna, ai yana ƙarƙashin horo."

"To, mayar da abinka."

"Inna, jikinki ya yi nisa. Kada ki tafi da fushi."

"Ba fushi ba ne, Malam. Saboda ni aka kore shi daga abincin nan. Yaya zan ci shi yana jin yunwa? Ka ce bai ji maganarka ba. Ai da bai ji ba, da yana gidan ubansa yau. Shi kaɗai ya yi abin da ka ce, shi ka kora."

Na koma gida da faranti a rufe. Uwarku ta fito da kekena ta jingina a ƙofa, ta ɗaura mini gorar ruwa. Washegari da sassafe na kama hanyar Agiye. Na sami Nomau a gona yana huɗa. Da ya hango ni ya ajiye garma. Ni da ban taɓa tsuguna wa kowa a garin nan ba, na tuɓe takalmi a bakin kunyar da yake huɗawa, na tsuguna cikin ƙasa, na ce na yi masa laifi, na yi wa gidansu laifi, na kuma yi masa ƙarya a gaban jama'a. Ya yi ta cewa in tashi, mutane suna gani. Na tambaye shi ko yana sujada. Ya ce kowace Lahadi, shi da Kande da yara, a gindin wani gawo, da waƙoƙin da ya haddace ta taga. Wannan shi ne mutumin da na ce ya koma baya. Na gaya masa tsohuwa ta ƙi ci sai ya ci. Ya juya mini baya, sannan ya ce in ba shi kwana ɗaya ya shirya amalanke.

Da suka iso, ni da kaina na je bayan gidana na kwance zana sabuwa, na ɗauko ta a ka, na ratsa tsakiyar gari da ita, fasto guda, mutane suna kallo. Na kafa ta a tsakar gidan Inna. Aka fito da ita aka kwantar a tabarma ta wannan gefe, Kande tana tallafe da kanta. Nomau ya shigo ta ƙofar baya, ba takalmi, ya tsuguna ta wancan gefe. Yayyensa biyu sun zo, sun tsaya a zaure suna gani. Ni na zauna a bakin zanar, inda nake ganin su duka biyu, su ba sa ganin juna. Na yi addu'a, na gutsura burodi ɗaya biyu, na zuba zoɓo a ƙoƙo biyu. Na miƙa wa Nomau nasa. Ya ci a hankali. Daga bayan zana muryar Inna ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Ya ci?"

"Ya ci, Inna."

"Ya sha?"

"Ya sha."

"To, miƙo."

Ta rasu bayan kwana tara. Da yammacin ranar da muka yi jibin nan, babban wan Nomau ya aika a kira shi ƙofar gida, aka ajiye akushi ɗaya. Ƙanen nasu dai bai sami yarinyar nan ba, ta riga ta yi aure a wani gari, kuma har ya mutu gaisuwa kaɗai ke tsakanina da shi. Wannan ban iya gyara shi ba. Ranar Lahadi na tsaya inda na tsaya da, na ce Nomau bai taɓa komawa baya ba, ni na tura shi waje. Amma kun gani, maganar fari ta fi ta biyu tsawon rai. Da rani na buga tubali na ta da katangar nan, daidai kafaɗar mutum in yana zaune. Nomau ya shigo ya zauna a gaba, a ɗakin da ya gina, har ƙarshen ransa. Yawancin iyayen waɗanda ke cika majami'ar nan yau bayan an gina katangar suka shigo, domin sun ga mutum yana iya bin Almasihu bai zubar da mutuncin gidansu ba.

Ban ce lallai ku gina ta a sabon ɗaki ba. Zamani ya sake, na ga wasunku suna shan shayi da surukansu, ban ce komai ba. Amma kada ku yanke a zaman dattawa kuna dariya. Ku bi gida-gida, ku tambayi tsofaffin mata, ku tambayi masu sabon aure, kowa shi kaɗai. In kun sami ko mutum ɗaya da zai koma gindin taga, ku gina masa. Kafin nan kuma, kai da ka yi maganar nan a taro, na san ba da mugunta ka yi ba, daga gare ni ka ji ta. Gobe ka zo ka kama mini hannu, ƙafata ba ta kai ni ita kaɗai. Za mu je gidan ɗan Nomau, kuma a bakin zaure za mu bar takalmanmu.